A san darajar tsofaffin fayafayan garmaho kafin a sayar

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina rubuto wannan wasiƙa daga Kassala a gabashin Sudan, domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa kan wata dukiya da muke rabuwa da ita a arha saboda rashin sani, wato tsofaffin fayafayan garmaho, waɗanda Larabawan nan suke kira ustuwana. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, iyalai da dama da suka baro Khartum da Omdurman suna sayar da ɗan abin da suka tsira da shi don su ci abinci, dillalai kuma sun san da haka.

Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya bar akwatin ƙarfe cike da fayafayai. Wani dillali ya zo, ya ɗaga biyu ko uku ya kalla, sai ya yi wa akwatin kuɗi gaba ɗaya yana ta gaggawa, kuma gaggawar tasa ce ta sa na ce a dakata.

Abin da na fara ganewa shi ne tsufa kaɗai ba ya sa faifai tsada. Yawancin na kawuna waƙoƙin Masar ne da na fina-finan Indiya, irin waɗanda aka buga da yawan gaske, saboda haka kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Faifan da ake rububinsa shi ne wanda aka buga kaɗan, ake nemansa, kuma bai ƙarje ba. Kwalinsa na asali ma yana ƙara masa kuɗi.

Takardar da ke manne a tsakiyar faifai tana ɗauke da sunan kamfani da lambar bugu. Kusa da ita, a ɗan filin nan mai santsi inda layukan sauti suka ƙare, akwai wasu ƙananan lambobi da aka zana a jikin faifan, waɗanda ban iya karanta su ba sai da na tsaya bakin taga na karkata shi ga hasken rana. Su ne suke taimakawa wajen bambanta bugun farko da na baya, alhali tazarar kuɗinsu takan yi nisa. Da waɗannan lambobi ɗan ƙanwata ya bincika a shafin intanet na cinikin fayafayai mai suna Discogs, wanda aka kafa a shekarar 2000, inda ake nuna mafi ƙarancin kuɗin da aka taɓa sayen faifai, da matsakaici, da mafi yawa. Kuɗin da aka biya shi ne abin dubawa, domin mai kaya yana iya sa duk farashin da ya ga dama. In kuwa ba a sami faifan a can ba, kada a ɗauka ba shi da daraja, wataƙila ƙarancinsa ne ya jawo.

Wajen adanawa muke tafka asara mafi yawa. Faifai mai nauyi mai juyi 78 a minti ɗaya yana fashewa kamar tangaran, kuma sifirit yana narkar da fuskarsa. Masu juyi 33 da 45, da suka fito a 1948 da 1949, zafi ne yake lanƙwasa su, allurar ƙarfe ta tsohon garmaho kuma tana cinye layukansu. Huɗu daga cikin namu sun lanƙwashe kamar faifan kaba saboda an jibge su a kwance a ɗakin kwano. A tsaye ake jera su, a inuwa.

Akwai kuma abin da ya shafe mu kai tsaye. A'isha al-Falatiya, wadda aka haifa a nan Kassala kuma mahaifiyarta Bahaushiya ce, ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a rediyon Sudan a 1942, ta rera da Larabci da Hausa, ta rasu a 1974. Duk wanda ya ga sunanta a kan faifai, ina roƙonsa kada ya saki a farashin dillali. In talauci ya tilasta sayarwa, to a ɗauki hoton takardar tsakiya, a naɗi sautin ko da a waya ne kafin faifan ya bar gida.

Mun sayar da na Masar da na Indiya ɗaya bayan ɗaya. Biyu masu nauyi na mawaƙan Sudan da na samu a ƙasan akwatin suna nan a wurina, a tsaye, tsakanin kwalaye biyu.

Wassalam.
Mai karanta jaridarku,
Kassala, Sudan.