Inna, ki sa a duba miki bayan motar

Ketu, Legas

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata Inna, bayan gaisuwa mai yawa da neman albarka. Ina fata takardar nan ta same ku lafiya, ke da Baffa da Goggo da yara baki ɗaya. Yaya sanyi? Yaya ƙafar taki? Ni dai alhamdu lillahi, lafiyata ƙalau, sai kewarku. Auta, na san kai za ka karanta, to ka bi a hankali, ban da irin karatun nan naka na wanda ake kora, kuma kada ka tsallake inda na taɓa ka.

Saƙon murya da kuka turo ya iso, na saurare shi ya fi sau biyar. Na ji kin ce muryata ta canza, kamar ta mai ɓoye ciwo. Na kuma jiyo Baffa daga can gefe yana cewa kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ina jin bai san wayar ta ɗauka ba. Ban ji haushi ba, shekara uku ai ba kwana uku ba ce. Sai dai ni da zarar na ji muryarki a waya, duk abin da na shirya faɗa sai ya gudu, in ɓige da "lafiya lau, lafiya lau". Shi ya sa na sayi takarda na zauna.

Wahalar da kuka riga kuka sani ba zan ja ta ba. Kabu-kabu, da suke ce wa okada a nan, shi ya kawo ni garin nan, shi kuma aka hana a watan Yunin 2022 a ƙananan hukumomi shida, da Satumba ta zo aka ƙara huɗu, har da Kosofe inda nake. Na sayar da babur a kuɗin da ko yanzu na tuna sai na yi tsaki. Ina cikin farfaɗowa aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota ya tashi. A Agusta kuma aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Yamai, ba a buɗe ta wannan ɓangaren ba sai Maris na 2024. Naira ta zube a gaban sefa, abin da a da nake canzawa ya ba ku jika goma, yanzu da ƙyar yake haɗa biyar. Dalilin rashin zuwana ke nan. Ki gaya wa Goggo ba mace ba ce.

Yanzu ina kasuwar Mile 12, layin 'yan albasa, a hannun wani dattijo mutumin Aliero. Motoci tun cikin dare suke shigowa daga Sakkwato da Kebbi da Kano, mu sauke, mu zazzage buhu, mu tsince ruɓaɓɓiya, mu kasa. Rigata warin albasa, tabarmata warin albasa, har kuɗin aljihuna. Matan Yarbawa masu saro a wurinmu alubosa suke ce mata, lafiya su ce alafiya, wahala kuwa ko wasali ɗaya ba su taɓa mata ba.

Amma ba don wannan na rubuto ba. So nake ki san abin da ke riƙe da ni, don ki daina kwana da tunanina. Kuma za ki yi mamaki, domin Kaka ce, Allah ya jiƙanta da rahama.

A bayan kasuwa, inda direbobi ke ajiye manyan motoci suna jiran lodin komawa, akwai wani mai fenti, Bakano, siriri kamar sillen kara. Shi yake yi wa motocin ado. Ba shi da shago, sai benci ɗaya da gwangwanayen madara cike da fenti kala-kala, da burushi guda huɗu da yake ji da su fiye da yadda wasu ke ji da 'ya'yansu. Ya fara jan layi da alli, ya ja da baya ya kanne ido ɗaya, sannan ya sa hannu. Kafin la'asar sai ka ga zaki ya fito a jikin katako, ko barde a kan doki da mashi, ko masallaci mai koriyar ƙubba, ko mikiya ta cafko maciji. Nakan tsaya kallonsa idan kasuwa ta lafa, har muka saba. Wata rana ya ce da ni zane ba ya ba shi wahala, magana ce ke ba shi. Duk direban da ya zo, abu uku ne: "Hassada ga mai rabo taki", "Duniya labari", "Komai na Allah ne". Ya ce ya rubuta kalmar hassada har hannunsa yana iya yin ta yana barci, kai ka ce duk wanda ya mallaki mota a Nijeriya maƙiya ne suka kewaye shi.

Ban san lokacin da bakina ya ce, ai kuwa kakata tana da su buhu-buhu.

Kin tuna yadda nake jin haushin maganganunta? Ba ka tambayar Kaka abu ta amsa maka kai tsaye. Ka ce furar ta yi ruwa, ta ce da babu gara ba daɗi. Ka leƙa tukunya, ta ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Ranar kasuwar Tasawa kana neman takalminka, jaki ya riga ya fita, ita tana zaune tana kaɗi, ko kallonka ba za ta yi ba, sai dai ka ji ba a fafe gora ranar tafiya. A lokacin gani nake kawai hanyar hana mu abu ce. Ashe zuba su take yi a kaina kamar mai binne iri kafin ruwa ya sauka. A daren nan na kwanta ina tuno su, kafin asuba na rubuta ashirin da bakwai a bayan littafin da nake lissafin buhuna.

Na farkon da muka gwada bai karɓu ba. Na ba wani direba "Sannu ba ta hana zuwa". Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaro, tumatir nake ɗaukowa daga Danja. In na yi sannu, miya zan kawo Legas." Aka yi ta dariya har masu dako. Shi sai muka ba shi "Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe", ta sannun kuma wani mai ɗaukar albasa ya karɓa, tunda ita albasa tana da haƙurin hanya. Daga nan na gane kowace magana da irin kayan da take ɗauka. Yanzu idan direba ya zo, mai fenti sai ya aika yaro a kira ni, in tambayi mutum me yake ɗauka, wace hanya yake bi, motar tasa ce ko ta maigida. Wanda ya gama biyan bashin mota ba irin maganarsu ɗaya da wanda ya fara jiya ba.

Akwai guda ɗaya da har yau ban gama yarda da Kaka ba: zafin nema ba ya kawo samu. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai taɓa neman motar Oshodi da ƙarfe shida na safe ba. A Legas in ka tsaya sanya, ko wurin tsayuwar sai wani ya karɓe. Na faɗa wa mai fenti haka, ya ce ai mutanen da ba su da wauta, su ne dai suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune, maganar tasu ƙafa biyu gare ta, wanda ya tsaya a kan ɗaya shi ya so faɗuwa. Ya taɓa rubuta su duka biyun a mota ɗaya, zomo a goshi, zafin nema a baya. Ban ce ya gamsar da ni ba. Amma ranar da ruwa ya shiga rumfarmu a watan Yuli ya lalata mana buhu goma sha ɗaya, bayan na kwana uku ina fama da su, ta bayan motar ce ta zo mini, kuma ita ta sa na iya barci.

Ladan da yake ba ni shayi ne da rabin burodi, ba na kuma neman ƙari. Bayan sallar isha muke haɗuwa a teburin mai shayi na bakin titi, mu biyar ko shida. Akwai wani mutumin Damagaram mai ɗinkin hula, yakan yi sati uku a kan hula ɗaya, yana hira allura na tafiya, bai taɓa duban hannunsa ba. Akwai wani yaro mai tura baro da rana, da dare kuma ya kifa jarka yana kiɗa yana ƙaga waƙa a kan duk wanda ya wuce. Ya yi wa mai shayi wata a kan yadda yake auna sukari kamar mai auna zinariya, tun daga ranar cokalin ya ɗan ƙara cika. Ba wanda ya yi arziki a cikinmu, Inna. Amma zama da mutanen da hannunsu ke fitar da abu mai kyau yana hana zuciya mutuwa. Na zauna da masu hirar wane ya samu, wane ya tsere mana, na ga yadda nake tashi daga wurinsu jikina a mace.

A teburin ne wani tsohon kwandasta Bayarabe, mai jin Hausa kamar jakin Kano, ya gaya mini ma'anar Surulere, wata babbar unguwa a nan. Wai da harshensu haƙuri yana da riba ke nan. Na ce to ai mahaƙurci mawadaci ke nan, mu a baki muka bar ta, ku kuka yi mata unguwa da tituna. Abin da ya ba ni dariya, tana cikin wurare shidan farko da aka hana mu kabu-kabu.

Sauran abubuwan ƙanana ne, har ina jin kunyar rubuta su. Burodin Agege da ɗuminsa, ka tsaga shi ka zuba wake da manja. Ranar Lahadi wani lokaci nakan je Agegen kanta, can ne zangon Hausawa na tun da daɗewa, akwai dattawan da a nan aka haife su, aka haifi iyayensu, fataucin goro ya kawo kakanninsu zamanin da jirgin ƙasa ya haɗa Legas da Kano a 1912. Ina shan fura a can, ba ta kama ƙafar taki ba, gero ne kaɗan ƙanƙara da yawa, amma da babu gara ba daɗi, ga Kaka nan ta sake dawowa. Sau ɗaya na bi doguwar gadar nan ta kan ruwa da sassafe, ta fi kilomita 11, masunta a ƙasa cikin kwalekwale suna jefa taru, gari bai gama wayewa ba. Na yi ta tunanin yadda muke jan guga gaba ashirin kafin mu ga ruwa. Sashen Hausa na rediyon Faransa da marigayi Baba yake kamawa kullum da safe, ashe a garin nan suke magana, mu muna can muna zaton daga Faris ne. Lokacin kokowar takobi kuwa, waya ɗaya muka jingina da gwangwanin madara, mutum ya fi ashirin a kanta, 'yan Dosso suna ta yi mana ihun sunan gwanin kokowarsu, Issaka Issaka, mu 'yan Maradi muka yi shiru kamar ruwa ya ci mu.

Mafi daɗinsu hazo. A nan ba ya zama, kwana kaɗan ne a Disamba ko Janairu, wata shekarar ma da ƙyar ka gan shi. Makon jiya ya sauko. Mutanen gari suna ta tari suna rufe hanci, ni kuwa na fito tsakar gida da asuba na buɗe ƙirji. Leɓena ya tsage, na ji daɗin tsagewar. Na ce ƙurar nan ta bi ta kan rumbunmu kafin ta iso.

To ki gaya wa Baffa, cikin ladabi, maganarsa gaskiya ce, ni ma tana cikin littafina, ita ce ta tara. Ban dai ba kowane direba ita ba, don ba wanda zai so ya ɗauki wannan a bayansa daga Legas har Jibiya. In Allah ya yarda ina nan tafe kafin azumi, na fara ajiye kuɗin mota a hannun maigidana don kada in taɓa.

Akwai direban da zai taso jibi, ta Katsina zai bi ya shiga Maradi. Na ba shi saƙo: turmin atamfa biyu, ɗaya naki ɗaya na Goggo, goro na Baffa, sabulu, da man zafi na ƙafarki. Kuɗin suna cikin atamfa mai ruwan ganye, a ninki na uku. Auta, takalmin da ka ce ban saya ba, sai na ji sakamakon jarrabawa daga bakin malaminku, ba daga naka ba. Ka je tasha da kanka, zan turo maka lambar direban. Motar shuɗiya ce, da farin doki a marfin baya. Kafin ka karɓi kaya ka zagaya ka karanta abin da ke ƙarƙashin dokin, ka ɗauki hoto ka kai wa Inna. Ta Kaka ce, wadda take yi duk lokacin da za ta ɗauki sandarta ta tafi gaisuwa ƙauyen su Goggo. Ni na ba da ita yadda take, zumunta a ƙafa take. Mai fenti ne ya yi mini shisshigi, ya ƙara da ƙananan baƙaƙe a gefe wai yanzu a taya take.

Sai roƙo ɗaya. Akwai wadda Kaka take yi idan hatsi ya ja baya a rumbu kina damuwa, da zabuwa a ciki, ko kaza. Na yi juyin duniya ta ƙi zuwa. Ki tuno mini ita, ki tambayi Goggo ma, Auta ya ɗauki muryarku ya turo. Duk wadda ta faɗo muku ku haɗa da ita, ko da kuna ganin kowa ya san ta. Akwai wata sabuwar mota da za a kawo wa mai fenti ƙarshen wata, na ce ya bar mini wurin.

A gaida Baffa da Goggo, da Liman, da duk wanda ya tambaye ni. Ki ci gaba da sa mini albarka.

Wassalam,
ɗanki na Legas.