Sanarwa kan darasin Faransanci na ƴan SS1

Assalamu alaikum iyaye, barkanmu da warhaka.

Ƙorafi ya yi yawa a rukunin nan kan Faransancin da yaranmu na ajin kimiyya ke ɗauka, shi ya sa za mu zauna da shugaban makaranta ranar Asabar, ƙarfe 10 na safe.

Masu kukan suna da gaskiya. Ni kaina na leƙa ɗakin ɗiyata bayan Isha'i na tarar da ita tana haddar kalmomin Faransanci, littafin kemistiri na gefe ko buɗe shi ba ta yi ba. Kuma JAMB darussa 4 take nema, wanda zai karanta likitanci Ingilishi, fiziks, kemistiri da bayoloji zai rubuta, babu Faransanci a ciki.

Sai dai mu a Kebbi kada mu yi saurin yar da shi. Daga Kamba ka tsallaka kana Nijar, ta Bagudo kuma ga Benin, can takardun asibiti da na kwastan da Faransanci ake rubuta su. Likita ko injiniyan da ke jin harshen, ko a ECOWAS ya nemi aiki, ya ɗara takwaransa.

Shawarata a ci gaba da darasin, amma a rage aikin gida, a daina jibga musu shi daf da jarrabawa.

Don Allah wanda ba zai samu zuwa ba ya turo ra'ayinsa nan kafin daren Juma'a. A rubuce, ban da dogon saƙon murya.