A Bar Mai Kwamfuta Ya Zaɓi Aikin Da Za A Fara Yi Masa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in yi tsokaci kan wani sashe na babbar manhajar kwamfuta da ba a cika maganarsa ba, wato mai rabon lokaci, wanda shi ke yanke hukunci sau ɗaruruwa cikin daƙiƙa guda a kan aikin da ƙwaƙwalwar na'ura za ta karɓa yanzu da wanda zai jira.

Ina da shagon buga takardu, kuma kwamfutata ta hannu ce da ta kwana biyu. Wata rana ina haɗa bidiyon biki, ga ɗalibi a tsaye yana jiran takardarsa, sai haruffa suka riƙa fitowa a makare bayan na danna. Na buɗe Task Manager na Windows, inda ake ganin ayyukan da kwamfuta ke yi, na rage matsayin aikin bidiyon, nan take rubutu ya saki. Yaron shagona da ya ga haka, washegari ya ɗaga wani aiki zuwa matakin Realtime, wato matsayi mafi girma, linzamin kwamfutar ya sandare, sai da muka kashe ta daga maɓalli, aikin safiya ya tafi.

Wannan ya sa nake ganin masu cewa a rufe wa mai kwamfuta ƙofar taɓa mai rabon lokaci baki ɗaya da masu cewa a buɗe ta wangame duk sun yi kuskure. Tsohon tsarin Linux, wata babbar manhaja irin Windows, ya fi kusa da daidai: lambar fifiko tana kamawa daga -20 zuwa 19, kowa yana iya mayar da aikinsa baya, amma tura shi gaban na wasu sai da izinin mai kula da na'urar. A 2021, cikin sigar 5.13, masu gina Linux sun kwashe ƙananan saituna na mai rabon lokaci zuwa wurin da aka keɓe wa masu gyara, kuma ban ga laifinsu ba, domin lambobin da ake aunawa da ɗigon daƙiƙa ba abin da mai shago zai yi wasa da su ba ne. Sai dai injiniyan da ke gwaji a kan manyan na'urorin kamfanoni bai san halin tsohuwar kwamfuta irin tawa ba. Irin wannan kuka ne ya sa Con Kolivas, likita ɗan Ostireliya, ya rubuta nasa mai rabon lokacin a 2009.

A 2024 sigar 6.12 ta Linux ta ba da damar ɗora wani mai rabon lokaci daban, wanda idan ya cije sai na asali ya karɓi aiki da kansa. Abin da nake nema daga masu yin manhaja ke nan: zaɓi uku ko huɗu cikin bayanin da kowa zai gane, na rubutu, na sauti, na tanadin batir, tare da maɓalli ɗaya da zai mayar da komai yadda yake kafin yaron shago ya taɓa.

Naka,
Mai shagon buga takardu, Zariya