Wasiƙa zuwa ga ɗana: dokokin Allah a bakin sikeli

Ɗana,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya a Zuru, mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Tun da ka shiga sayen shinkafa tsakanin Argungu da Jega, dukiyar mutane ta fara bi ta hannunka, shi ya sa na ga gara in rubuta maka, don maganar waya ba ta daɗewa a kunne.

Za ka ji wasu matasa na cewa mu muna ƙarƙashin alheri, Dokoki Goma sun wuce da zamanin Musa. Kada ka yarda. Zancen kaciya manzanni sun yanke shi a Ayyukan Manzanni sura 15, hadayar dabba kuma ta ƙare a kan gicciye, wannan gaskiya ne. Ceto ma ba ladan aikinmu ba ne, haka Afisawa 2:8-9 ta ce. Amma ka ƙarasa zuwa aya ta 10, za ka ga an cece mu ne domin mu yi kyawawan ayyuka. Yesu da bakinsa ya ce ba shafe Attaura ya zo yi ba, cika ta ya zo yi (Matiyu 5:17). Bulus kuma, wanda ya fi kowa wa'azin alheri, a Romawa 13:9 ya jero zina da kisa da sata da ƙyashi, ya ce hana su duka yana ƙunshe cikin ƙaunar maƙwabci.

A sana'arka, dokar da za ta fi gwada ka ita ce ta sata, kuma ba da sunan sata za ta zo maka ba. "Haka kowa yake yi" za a ce maka. Maimaitawar Shari'a 25:13-15 ta hana mutum ajiye ma'auni biyu, babba da ƙarami. Ka san yadda ake yi: mudun saye an buga gindinsa ya faɗa waje don ya ci da yawa, na sayarwa an dannan masa gindi ciki. Ko a taɓa sikeli ya riƙa cin kilo biyu a kowane buhu. Kilo biyu ba ya tsone ido, amma a buhu ɗari kilo 200 ke nan, gumin manomin da ya sayi fetur ya yi ban ruwa har wata uku ko huɗu. Mudu ɗaya za ka riƙe, da shi ka saya, da shi ka sayar. Kowace safiya ka ɗora wa sikelinka abin da ka tabbatar da nauyinsa, kuma ka juya fuskarsa inda mai kaya zai gani.

Algus ma sata ne. Annabi Amos ya tsine wa masu tauye mudu da masu sayar da sharar alkama a matsayin hatsi (Amos 8:5-6). Yau ana zuba ƙaiƙayi ko yashi a tsakiyar buhu, a rufe baki da mai kyau, ko a yayyafa wa shinkafa ruwa don ta yi nauyi. Shinkafar da za a ajiye, danshinta bai kamata ya wuce kashi 14 cikin ɗari ba. In ta wuce, a cikin rumbu za ta ɗau zafi, ta yi wari, ƙwayar ta canza launi, in an kai inji ta farfashe. Wanda ya saya a hannunka shi zai kwashi asarar bayan ka daɗe da cinye kuɗin. In kayanka na da danshi, ka faɗa, ka rage farashi.

'Yan dako da masu ɗinkin buhu, ka biya su kafin rana ta faɗi. Littafin Firistoci 19:13 ya hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannunka, domin da shi zai yi cefanen daren. "Ka dawo gobe" mai sauƙi ce a bakinka, shi kuwa yaransa ne za su kwana da yunwa.

Shaidar zur kuma yanzu ba sai an je gaban alƙali ba. Fitowa 23:1 ta hana yaɗa labarin ƙarya. A wannan hali na rashin tsaro da muke ciki, saƙon murya ɗaya a WhatsApp da ke cewa wane yana kai wa 'yan bindiga labari ya isa a kashe mutum. Abin da ba ka gani ba, ba ka kuma da shaidu biyu ko uku a kansa, kada ka tura, ko da daga rukunin ikkilisiya ya fito. In ɗan'uwa ya yi maka laifi, Matiyu 18:15-17 ta shimfiɗa hanya: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, sannan a kai gaban ikkilisiya.

Ka karanta 1 Sarakuna 21 a tsanake. Ahab gonar inabin Nabot kawai ya yi ƙyashi, daga nan aka sayo shaidun zur, aka jefe mutum, aka ƙwace gona. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ranar da ka ga sa'anka ya sayi mota zuciyarka ta ƙi kwanciya, ranar ka fi kusa da taɓa sikeli ko zuba jarin mutane a cacar ƙwallo ta waya.

Lahadi kada ka bar ciniki ya cinye maka sujada. Hidimar mahaifiyarka kuma kada ka fake da baiko ka yanke ta, Yesu ya tsawata wa masu yin haka a Markus 7:9-13.

In har ka riga ka ci haƙƙin wani, addu'ar tuba kaɗai ba ta wadatar ba. Littafin Firistoci 6:1-5 ya ce a mayar da abin cif, a ƙara kashi ɗaya cikin biyar. Wato in naira 50,000 ka danne, 60,000 za ka mayar. Ka zauna da littafin cinikinka ka lissafa, ka je wurin mai haƙƙin da ƙafarka, Kirista ne ko Musulmi, ka faɗa masa abin da ka yi ba tare da kwana-kwana ba. In kuɗin ba su cika ba, ku yanka lokacin biya a gaban shaida. Kada ka zuba su a baiko ka ce ka wanke kanka, mai su yana raye.

Ka nemi dattijo ɗaya a ikkilisiyar da kake sujada wanda zai riƙa duba littafin nan tare da kai ƙarshen kowane wata. In ka samu, ka aiko mini da sunansa in kira shi in yi masa godiya.

Ubangiji ya kiyaye ka a hanya.

Mahaifinka