A koya wa yaranmu ɗora shafi a saba, kar a tsaya a rubuta kod kawai

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya, ya aiki ya jama'a. Dan Allah ka ara min fili in yi magana da masu koyar da matasanmu gina shafukan intanet, musamman mu da muke nan Legas.

Yanzu duk inda ka leƙa, Agege ne, Idi-Araba ne, Obalende ne ko Mile 12, zaka tarar yaran Hausawa sun duƙufa koyon wannan sana'a, wasu a ƙananan makarantu wasu kuma da waya da YouTube kawai, kuma wallahi abin yana faranta min rai. Ni aikina kenan, ina girka saba, wato kwamfutar da ake ɗora shafi a kanta don duniya ta gani, ina kula da shafukan 'yan kasuwa a Ikeja, shi yasa yaran suke yawan zuwa wajena in aiki ya cije musu, kuma kusan dukkansu waje ɗaya suke maƙalewa. Yaro ya iya yaren rubuta kod na Python, ya iya kayan gina shafi irin su Django ko Laravel, shafi yana tashi lafiya lau a laftof ɗinshi, amma ranar da kwastoma yace toh a sa min shi duniya ta gani, shikenan ido ya raina fata. An koya musu rubutu, ba a koya musu ɗorawa ba, alhali kuɗin kwastoma a kan ɗorawar yake, shi ba laftof ɗinka ya saya ba.

Bari in ɗauki Django tunda shi yaranmu suka fi kamawa. Tun 2005 ya fito, a kan Python yake tafiya, kuma baya tafiya shi kaɗai, akwai tarin ƙananan manhajoji da ya dogara da su, wannan na magana da rumbun bayanai, wannan na sarrafa hoto, wannan na karɓar kuɗi, kowanne kuma da sigarsa da sigar da yake jituwa da ita. Duk wanda ya taɓa shiga Ladipo neman kayan mota ya san maganar, baka cewa a bani famfon Corolla kawai sai ka faɗi shekara, in ba haka ba a baka wanda zai shiga ramin amma motar bazata tashi ba. Toh yaro zai yi aikinsa da Django 5.2 wanda ya fito a Afrilun 2025 kuma sai da Python 3.10 ko sama yake aiki, sai ya je ya kama saba mai Ubuntu 20.04, wani nau'in Linux da ke tafiyar da sabar, saboda ita ya gani a wani tsohon bidiyo, ita kuwa Python 3.8 ne a cikinta. Yana buga pip install django ba tare da ya faɗi siga ba, pip, wato manhajar da ke girka kayan Python, bazai yi masa faɗa ba, shiru zai ɗauko masa 4.2 don ita ce ta ƙarshe da ke zama da wancan Python ɗin, sai shafi ya riƙa fashewa a wuraren da jiya suke lafiya, yaro ya kwana yana zargin kod ɗinshi alhali kod ɗin bai yi laifin komai ba. Maganin fa bai fi layi biyu ba, ka buɗe venv, wato keɓaɓɓen wurin girka manhajojin aikinka, tun farkon aiki, ka yi pip freeze ka zuba a requirements.txt yadda kowace manhaja zata fito da lambar sigarta, sai saba ta girka daidai abin da laftof yake da shi, in kuma Python ɗinta ya tsufa pip ya faɗa maka ƙarara maimakon ya yi shiru. Amma in ba wanda ya zaunar da kai ya nuna maka dalili, ina zaka sani?

Su ma masu Ubuntu 24.04 da nasu. Nan Python 3.12 ne, kuma in kace zaka girka abu da pip kai tsaye a jikin saba sai ta ƙi, ta rubuto maka externally-managed-environment. Da gangan aka yi haka don kar ka lalata Python ɗin da ita kanta sabar take amfani da shi, amma yaranmu sai su je su kwafo wani umarni na karya ƙofa daga intanet su wuce, maimakon su buɗe venv wanda bazai ci musu minti ɗaya ba.

Akwai wani yaro ɗan unguwarmu da ya gina wa wani Alhaji dillalin albasa a Mile 12 shafin rubuta lodi da bashin kwastomomi, aiki mai kyau, har nayi mamakin tsarinsa. Ya zo shago da daddare bayan isha'i, ko takalmi bai ƙarasa cirewa ba ya buɗe laftof ya juyo min da ita, farin allo ba komai sai 502 Bad Gateway, ga wayarsa na ta ruri a aljihu Alhaji ne ke kira saboda motoci sun iso daga Aliero ana son shigar da lissafi. Da muka shiga sabar sai na ga da runserver ya tayar da shafin, wanda su kansu masu Django sun rubuta ƙarara cewa na gwaji ne kar a yi aikin gaske da shi, kuma duk sanda ya rufe laftof ɗinshi shafin mutuwa yake tare da shi. Muka girka Gunicorn wanda aka yi don tayar da shafi a aikin gaske, muka rubuta masa ɗan fayil na systemd yadda ko sabar ta mutu ta dawo zai tashi da kansa, muka daidaita Nginx a gaba don karɓar masu shigowa shafin. Da muka mayar da DEBUG, saitin nuna bayanan kuskure lokacin gwaji, zuwa False sai duk ado da hotuna suka ɓace shafi ya koma tsirara, yaron ya dafe kai yace Yaya na shiga uku, nace kwantar da hankalinka buga collectstatic ka nuna wa Nginx inda fayilolin suke. Tambarin Alhaji kaɗai ya ƙi fitowa, ashe sunan hoton da babban baƙi ya fara, a kod kuma an rubuta da ƙarami, Windows bata damu da wannan ba amma Linux ta damu. Kaga duk wannan ba wani ilimi mai zurfi a ciki, rashin wanda ya nuna masa ne kawai, kuma yaron nan yana da satifiket har da hoton bikin yaye su.

Maganar DEBUG ɗin nan ita tafi tayar min da hankali. In aka bar shi a True, duk wanda ya jawo kuskure a shafin zai ga cikin gidanka, hanyoyin fayil, sunayen tebur, saituna da yawa. Ga SECRET_KEY da kalmar sirrin rumbun bayanai da yara ke turawa GitHub, shafin ajiye kod, a buɗe, ga shiga saba da root, asusun da ke da iko da komai, da kalmar sirri mai sauƙi, alhali duk sabar da ka kunna a intanet ba a jimawa zaka ga a log ana ta gwada buɗe ƙofa ta 22, wadda ake shiga saba ta ita daga nesa, daga ƙasashen da baka taɓa zuwa ba. A cikin waɗannan shafukan akwai lambobin wayar mutane da bashinsu da adireshinsu, amana ce, kuma tun Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, ba abin wasa bane.

Sannan ga kuɗi, wanda masu bidiyon Amurka ba ruwansu da shi. Ƙaramar saba dala 5 ko 6 ce a wata, da can ba a jin ta, amma tun da aka saki naira a Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, dole yaro ya kama mafi ƙanƙanta mai 1GB. Yana buga npm install ko yana gina fayilolin React sai kawai ya ga Killed, ƙwaƙwalwar sabar ce ta cika, da ya san swap, wato aron faifai ya zama ƙarin ƙwaƙwalwa, ko ya gina a laftof ya tura sakamakon kawai da ya huta. Haka psycopg2, mai haɗa Python da rumbun bayanai, zai tsaya yace bai ga pg_config ba, wai libpq-dev da gcc yake nema a girka tukunna. Wa zai faɗa maka? Kuma mun ga abin da ya faru a Maris 2024 da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke ta yammacin Afirka, har bankuna sai da suka ji a jikinsu, ya kamata ɗalibi ya san akwai cibiyoyin ajiye saba a nan Legas, Rack Centre a Ikeja da MDXi a Lekki, ya iya auna wa kwastoma wanne yafi masa, gida ko waje.

Kuma aiki baya ƙarewa ranar da shafi ya tashi. Takardar tsaro ta Let's Encrypt kyauta ce amma kwana 90 take yi, in certbot, manhajar da ke karɓo ta, baya sabunta ta da kansa, bayan wata uku kwastoma zai ga jan gargaɗi, kuma tun Yunin 2025 sun daina tura imel na tunatarwa. Django ma sigar da ake kira LTS shekara 3 ake kula da ita sai a bari. Manhajojin da ka jingina a kansu mutane ne ke riƙe da su, a 2016 wani ya cire ƙaramar manhaja mai suna left-pad daga npm, rumbun da masu kod ke ɗauko manhajoji, layi 11 kacal, ayyuka masu yawa a duniya suka tsaya, a ƙarshen 2021 kuma ɓarakar tsaro a wata manhaja mai suna Log4j ta hana ma'aikatan saba barci. Wanda bai san me ya girka ba ta yaya zai san ko abin ya shafe shi?

Roƙona ga masu makarantu, da shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da minista Bosun Tijani ya ƙaddamar a 2023, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA, shine kar a ba ɗalibi satifiket sai ya karɓi saba fanko ya ɗora aikinsa da hannunsa tun daga shiga sabar ta SSH har zuwa makullin tsaro, sannan malami ya goge sabar gaba ɗaya yace sake tayar min da ita daga requirements.txt da kwafin ajiyar rumbun bayanai. Saba ɗaya zata ishi ɗalibai da yawa su yi bi da bi, in ma ba kuɗi tsohuwar kwamfuta daga Computer Village a sa mata Ubuntu ta wadatar.

Ku kuma iyayenmu 'yan kasuwa, in za a gina muku shafi ku tabbatar domen, wato adireshin shafin, da asusun saba da sunanku aka buɗe da imel ɗinku, a baku kalmomin sirri a rubuce, ku tambaya ina ake ajiye kwafin bayanai kuma yaushe aka gwada dawo da shi, ku yi yarjejeniyar kuɗin kulawa na wata-wata tun farko, don yaro bazai iya zama yana sabunta muku saba kyauta ba. Ku ma samari, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in kun karɓi kuɗin shafi kun karɓi na tsayuwarsa.

Edita in da hali a ware mana ɗan fili ko sau ɗaya a wata da za a riƙa bayanin waɗannan matakai da Hausa, akwai mu da yawa a Legas da Kano da Kaduna da zamu rubuto ba sai an biya mu ba. Nagode, Allah ya ƙara ɗaukaka jaridarmu.

Naku mai karatu,
daga Agege, Legas