Zuwa ga Mamana, kan tukunyar turara kayan tiyata

Assalamu alaikum. Mamana, da fatan kina lafiya. Ya baƙunta, ya aiki?

Yayanki ya ce an damƙa miki kula da otokilef ɗin asibitinku, wato tukunyar turara kayan tiyata, kuma wai idan aka ɗauke wuta ana tsakar turara kaya, sai ku tada janareto ku ci gaba da ƙirga lokaci daga inda aka tsaya. Tun da na ji haka hankalina bai kwanta ba. In gaskiya ne, ki daina daga yau. Ƙa'idar ita ce zafi digiri 121, gejin auna matsin tururi a kan 15, minti 30 ga kayan da aka naɗe, minti 20 ga waɗanda ba a naɗe ba. Ana fara ƙirga ne bayan zafin ya kai. Idan ya sauka a tsakiya, an koma farko, ko da saura minti biyu.

Abin da ke hana ni barci shi ne almakashi da hantsakin da za a ɗauko ana zaton sun tsarkaka, a yi wa mai haihuwa aiki da su, bayan kwanaki ta dawo da zazzaɓi da ruwa a ɗinki, ko a kwasar mata ciwon hanta. Ba wanda zai tuhumi tukunyar, sai a ce ƙaddara. Kin san abin da ya sami Gwaggonki, ba sai na maimaita ba. To yaya ke da kika taso a gidan nan za ki tsaya kina kallo ana wannan ganganci?

Iskar da ta maƙale a ciki ita ce babbar matsala. Inda iska ta tsaya tururi ba ya isa, kuma geji zai nuna matsi ya cika alhali zafi bai kai ba. Idan taku ta hannu ce, ki bar bawul ɗin fitar iska a buɗe har tururi ya fito a miƙe ba yankewa, sannan ki rufe. Kada ki cusa kaya. Ki bar tazara tsakanin ƙunshi da ƙunshi, ki buɗe bakin kowane almakashi, ki kwantar da kwanoni a gefensu, ramukan durom, wato gwangwanin ƙarfen da ake zuba kaya a ciki, a buɗe lokacin turarawa, a rufe bayan an gama. 'Yar matatar da ke ƙasan tukunyar tana toshewa da zaren auduga, iska ta rasa mafita, don haka ki ciro ta ki wanke kullum. Robar ƙofa ki goge ta da danshin tsumma kowace safiya, ki bi ta da yatsa. In ta tsage, ta yi tauri, ko kina jin tururi na tsiyaya, canza ta za a yi, ba a liƙe ta.

Salatif mai canza launi zafi kawai yake shaida, kada ki dogara da shi kaɗai. Ki sa takardar gwaji a tsakiyar ƙunshi, ki nemi kwalbar gwajin ƙwayoyin cuta aƙalla sau ɗaya a mako. In tukunyar mai zuƙe iska ce, a yi gwajin Bowie-Dick, mai nuna ko iska ta fita duka, kowace safiya kafin a sa kaya.

Ruwa kuwa tatacce na distil za ki zuba. Na rijiyar burtsatse da na leda suna barin farin ɓawo a jikin hita irin na cikin butar shayi, har ta ƙone. Ki zubar da na tanki duk mako. Kada bilic ko soson ƙarfe su taɓa cikin tukunyar, tsatsa suke jawowa. Kada ki buɗe ƙofa sai geji ya koma sifili, sannan ki ɗan sassauta ta kaya su bushe. Ƙunshin da ya fito a jiƙe a sake shi. Bawul ɗin kariya, mai sakin tururi idan matsi ya yi yawa, injiniya ne zai duba shi, kada kowa ya ɗaure shi. Kowane zubi ki rubuta rana, zafi, minti da sunan wanda ya yi.

Za ki ce Baba ya cika tsanani. Na san sabuwa ce ke, kuma faɗa wa manya gaskiya da nauyi. Ki yi da ladabi, ki nuna musu littafin na'urar. Ki turo mini hoton lambar da ke bayanta in nemo miki robar ajiya. Innarki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki.