Amsa ga Kawu Alhaji: I, da 'yata ce zan bar ta

Assalamu alaikum Kawu, Allah ya ƙara girma da lafiya.

Ranar taron iyayen yara a makarantarmu ta Aboabo ka miƙe gaban jama'a ka ce: "Malama, kina kwashe mana 'yan mata zuwa filin ƙwallo. Me ya kai 'ya mace Musulma wurin nan? Da 'yar cikinki ce, za ki bar ta?" Na yi shiru a ranar, don ba a ja-in-ja da babba a tsakar taro. Amma tunda a fili ka tambaya, kuma iyaye da dama sun gyaɗa kai, ya kamata amsar ma ta fito fili.

Zan bar ta, Kawu. Bari in faɗa maka abin da na gani da idona.

A shekarar 2023 aka kawo gasar 'yan mata 'yan ƙasa da shekara 20 ta shiyyar WAFU B nan Kumasi. Shiyyar nan mu ne da maƙwabta: Gana, Najeriya, Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso da Kwaddibuwa. Ranar wasan ƙarshe na cika trotro guda, wato motar haya, da ɗalibaina, muka nufi filin Baba Yara, kowacce da ƙullin wake da shinkafa a leda. Black Princesses na Gana ne da Falconets na Najeriya. Aka tashi 1-1, aka tafi bugun fanareti. Wata 'yar aji biyu da ke gefena ta cusa bakin hijabinta a baki tana taunawa, ɗaya hannun kuma ta damƙe nawa har sai da farcenta ya bar mini shaida. Da muka ci 3-1 ba ta yi ihu ba. Juyowa ta yi ta ce, "Malama, ashe mata ma ana buga musu taken ƙasa?" Yarinyar nan a aji ko sunanta aka kira sai ta sunkuyar da kai.

Shi kansa filin, ai ka fi ni sanin mai sunan. Ku ne kuke ba mu labarin yadda Baba Yara yake tsere a gefen fili sanye da jar rigar Kotoko, kulob ɗinmu na Kumasi. Zango bai taɓa jin kunyar ƙwallo ba, maza kawai muka saba gani a ciki.

Ka ce me ya kai Musulma. To, Mukarama Abdulai 'yar Tamale ce. A 2018, a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Yurugwai, ƙwallo 7 ta zura, ta dawo gida da takalmin zinare. A watan Maris na 2024 kuma, a wasannin Afirka, ita ta ci ƙwallon da ta ba mu zinare a kan Najeriya a Kef Kos. Maganar sutura ma an wuce wurin: tun 2014 dokar ƙwallo ta amince da rufe kai, kuma a 2023 Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya da hijabinta. Yaranmu da dogon wando suke bugawa a ƙarƙashin gajere, da riga mai dogon hannu. Ni nake duba su ɗaya bayan ɗaya kafin a hura usur.

Sai dai ba zan rufe ka ba, tsoronka yana da tushe. Ni ma ina jin tsoro, illa dai ba ƙwallon nake tsoro ba. Masu zagaye filin nake tsoro. Kwanakin baya wani mutum ya tare ni bayan atisaye, takalmi sai ƙyalli, waya biyu a hannu. Ya nuna wata yarinya ya ce ƙafarta ta kuɗi ce, a ba shi ita ya kai ta Akra, takardar haihuwa kuwa kada in damu, zai "gyara" a rage mata shekara biyu. Na ce ya je ya sami mahaifinta da ni a zaune. Har yau ban sake ganin ƙeyarsa ba. Kuma wannan gyaran ba wasa ba ne. A 2022 hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta dakatar da Black Maidens, ƙungiyar ƙananan 'yan matan Gana, daga gasar 'yan ƙasa da shekara 17 har karo biyu kan batun shekaru, bayan ƙorafin Maroko. Ƙungiyar da ta zo ta uku a duniya a 2012 ke nan fa. Manya suka yi ɓarna, yaran da suka taso bayan nan suka biya.

Irin wannan mutumin ba ya zuwa inda uba yake zaune. Inda yarinya ta sato hanya ta zo a ɓoye, takalmi a cikin jakar makaranta, can yake farauta. In ka hana ta a gida, Kawu, ba lalle ta daina ba. Za ta daina faɗa maka ne kawai.

Shi ya sa nake da sharuɗɗa, kuma ba na sassautawa. Wadda ta yi fashin makarantar allo ko ta faɗi jarrabawa, benci za ta zauna ko da ita ce gwanar gwanaye. Mai shirin BECE, jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, ba ta taɓa ƙwallo a zangon ƙarshe. Ba a tafiya wani gari sai da uwa ko yaya mace a cikin motar. Kuma ina gaya musu gaskiya: a cikin su talatin da nake horarwa, da wuya a sami ɗaya da za ta sa rigar Gana. Ko manyan kulob irin su Hasaacas Ladies da Ampem Darkoa ba kowa suke ɗauka ba. Sauran dai za su tashi da lafiyar jiki, da baki na yin magana a cikin mutane, ni kuwa wannan ya ishe ni.

Jikarka tana cikin masu leƙe ta katanga duk Asabar. Ban taɓa kiran ta ba, kuma ba zan kira ta ba sai da izininka. Muna farawa bayan La'asar, mu tashi kafin kiran Magariba. Akwai benci a gindin dalbejiya, zan sa a share maka shi.

'Yarka,
Malamar 'yan mata, Aboabo, Kumasi